Kafin Ku Saya wa Yara Littattafan Tafiya Sararin Samaniya

Assalamu alaikum. Hutun makaranta ya matso, kuma wasiƙun da suka iso mini a wannan makon yawancinsu a kan abu ɗaya suke: tsofaffin ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda ake shiga kumbo a tafi duniyar wata ko ta Mars, da wanda ya dace a saya wa yaro. Ga waɗanda na zaɓo.

TAMBAYA: Malam, ɗana shekararsa 12, yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Tun da aka yi musu darasin duniyoyi ba shi da zance sai na wata da taurari. In an ɗauke wuta sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida yana kallon sama. Yanzu ya dame ni in saya masa littattafan 'yan sama jannati. Ni bokona bai yi nisa ba, ina tsoron in kawo masa abin da zai taɓa masa aƙida ko tarbiyya. Naira dubu goma sha biyar na ware daga kuɗin adashi. Daga wata uwa, Zariya.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya raya miki shi. Yaron da ake ɗauke wuta ya ɗaga kai sama maimakon ya nemi waya, abin a gode wa Allah ne. Kakanninmu ma sun kalli wannan saman har suka raɗa wa taurari suna, ga Zara matar wata, ga Kaza da 'Ya'yanta, ga Gamzaki mai fitowa da asuba. Ɗanki bai ɗauko baƙon hali ba.

Ki fara masa da namu. Akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na nan Zariya ya buga a 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara taka duniyar wata. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka yawo a sararin samaniya. Da Hausa aka rubuta shi, don haka ke ma za ki iya karantawa kafin ki miƙa masa, tsoronki ya kau da idonki. Kina garin da aka buga shi, ki tambayi masu sayar da littattafan Hausa na makaranta.

Idan ya gama, sai ki ƙara masa ɗaya na Turanci. Ɗaya na ce, ba uku ba. Zaɓina shi ne Have Space Suit, Will Travel na Robert Heinlein, marubuci ɗan Amurka, wanda ya fito a 1958. Wani saurayi ne mai suna Kip yake son zuwa duniyar wata, ya shiga gasar tallan sabulu, bai ci na ɗaya ba, sai aka ba shi tsohuwar rigar 'yan sama jannati da aka gama aiki da ita. Ya zauna ya gyara ta da hannunsa, kusa bayan kusa, har ta koma aiki. Abin da ya sa nake son littafin ga ɗa irin naki shi ne uban yaron ya duba abin da ake koya masa a makaranta, ya ga bai wadatar ba, ya sa shi neman lissafi da harsuna da kansa, kuma a ƙarshe wannan karatun ne ya cece shi a inda ƙarfi bai yi amfani ba. Babu batsa a ciki. Turancinsa dai na Amurkawan wancan zamanin ne, zai buƙaci ƙamus a kusa da shi, don haka ragowar kuɗin ki saya masa ƙaramin ƙamus mai kyau idan babu a gida.

Game da aƙida, waɗannan littattafai akwai halittun wasu duniyoyi a cikinsu masu magana da hankali. Ki gaya masa tun farko cewa ƙirƙira ce, kamar yadda ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zama a wani gari ba. Kullum ya karanta babi ɗaya, ki ce ya ba ki labarinsa da Hausa kina aikinki. Ta nan za ki ji abin da ke shiga kansa, shi kuma zai ƙara fahimtar Turancin.

TAMBAYA: Na ga wani mai talla yana sayar da jerin littattafai goma sha biyu na labaran sararin samaniya, an naɗe su a leda ɗaya, ya ce daga waje suka zo. Naira dubu goma sha takwas na biya. Da 'yata ta kai tsakiyar na farko sai ta ga shafi ya yi tsalle daga 96 zuwa 129. Na biyu kuma ganyayyakinsa sun fara zubewa. In mayar ko in haƙura? Daga mahaifin yara huɗu, Gusau.

AMSA: Alhaji, in ka same shi ka mayar, amma da wuya ka same shi a inda ka bar shi. Ka yi cinikin biri a sama. Ka yi mini haƙuri in tsaya a kan wannan magana, domin ita ce ta fi ci mini rai a duk harkar littafi, kuma ba kai kaɗai abin ya ci ba.

Mu fara da lissafi. Littafi goma sha biyu a dubu goma sha takwas, kowanne ya tashi naira 1,500 ke nan. Ka je shagon fotokwafi na unguwarku ka tambaya nawa za a ɗaukar maka shafi ɗari biyu. Sannan ka tuna cewa sabon littafi mai bangon takarda a Amurka ko Ingila yana kaiwa kusan dala goma, ka buga da canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa. Ta ina zai iso Gusau sabo fil a 1,500? Farashin kaɗai ya isa ya gaya maka jabu ne. Mu da ba ma sayen buhun shinkafa sai mun soka hannu mun duba tsakuwa, ba ma sayen atamfa sai mun murza gefenta mun ga ko za ta zuba, ba ma karɓar ragon layya sai mun buɗe bakinsa, me ya sa in aka zo kan littafi sai mu miƙa kuɗi a kan leda a rufe?

Ka lura da yawan shafukan da suka ɓata maka: daga 97 zuwa 128, talatin da biyu cif. Ba haɗari ba ne. A maɗaba'a ana buga littafi ne a kan manyan takardu da ake ninkewa su ba da shafi 16 ko 32, sannan a jera ƙullin a ɗinke ko a manne. Maɗaba'ar kirki tana da mai duba jerin. Masu satar fasaha kuwa sauri suke yi, in ƙulli ɗaya ya faɗi ko aka sa wani sau biyu, babu ruwansu, a manna bango a sa a leda. Ledar nan da ka ɗauka alamar sabunta ce, ita ce ta hana ka gani.

Ni ma abin ya taɓa ci na lokacin ina koyarwa. Na tara wa ɗalibaina kuɗi, na sayo kwafi ashirin na wani littafin labari a wurin wani mai shago, muka yi mako biyar muna karantawa a aji. Muna zuwa inda labarin ya ɗauki zafi, sai muka tarar babi biyun ƙarshe babu su a ko ɗaya. Har yau ina tuna fuskar wani yaro da bai taɓa gama littafi ba a rayuwarsa, wanda ya riƙa riga kowa zuwa aji saboda labarin nan. Ya rufe littafin ya tura shi gefe. Zangon da ya biyo baya na kawo wani, ya ce mini, "Malam, shi ma ba zai ƙare ba." Wannan ita ce asarar da nake jin zafinta. Kuɗi ana mayar da su. Yaro kuwa in ya ba littafi amana ya yaudare shi, sai an sha wahala kafin ya sake ba wani.

To ga yadda ake dubawa, kuma ba ya cin minti biyar. Ka ce a buɗe ledar. Mai sayarwar da ya ƙi, ka ce masa albarka ka yi gaba. Ka riƙe littafin ka saki shafukan da babban yatsa a hankali kana bin lambobin da ido daga farko har ƙarshe. Ka ɗaga ganye ɗaya ga haske: in rubutun baya ya huda ya cakuɗe da na gaba har karatu yana wuya, takardar banza ce. Ka duba tawada, jabu wani shafin baƙi ƙirin, wani ya koɗe kamar an wanke. Ka duba ko layukan sun karkace, ko wuƙar yanka ta cinye gefen rubutu. Ka buɗe shi daga tsakiya sosai, in ka ji gam yana ƙas-ƙas, mako biyu ba zai yi ba a zafin nan namu. Hoton bango in ya yi dishi-dishi, an ɗauko shi ne daga wani bangon. Sannan ka juya bayan shafin take, inda ake rubuta sunan kamfanin ɗab'i da shekarar bugu da lambar ISBN. In babu wannan shafin gaba ɗaya, magana ta ƙare. Daga ƙarshe ka karanta shafin ƙarshe ka ga ko jimla ta kammala.

Akwai kuma wata yaudarar da ta fi wannan laushi. Za a ɗauko littafi mai shafi ɗari uku a datse shi ya koma sittin, a bar sunan marubucin da taken, a sayar maka a matsayin cikakke. A gane, sauƙaƙe littafi don masu koyon Turanci sana'a ce ta halal, manyan kamfanoni irin su Oxford da Macmillan suna yi, kuma suna rubutawa ɓaro-ɓaro a bango cewa an sake tsara shi, har da matakin karatun da ya dace da shi. Kalmomin da za ka nema su ne abridged ko retold. Irin wannan yana da amfani ƙwarai ga yaron firamare. Wanda nake faɗa da shi shi ne wanda ya datse ya yi shiru.

Wani zai ce ai talauci ne ya sa muke sayen jabu. Na san halin da ake ciki, ni ma a cikinsa nake. Amma dubu goma sha takwas ɗin nan da ta sayo maka littattafan gwanjo na asali guda uku ko huɗu, waɗanda aka ɗinke da kyau, da 'yarka za ta karanta ta miƙa wa ƙannenta uku. Tsohon littafi na gaske, ko da bangonsa ya yi datti kuma akwai hatimin wani laburaren Turai a ciki, ya fi sabon jabu sau goma. Araha ba ta ado. Kuma wa ya ce sai goma sha biyu a tashi ɗaya? Yaro in ka jibge masa tuli sai ya yi ta leƙa wannan ya ajiye, ya leƙa wancan. Ka ba shi ɗaya, ya gama, ya roƙe ka na biyu.

Shawarata yanzu: ka zauna ka duba sauran goman ɗaya bayan ɗaya. Wanda shafukansa suka cika, ka kai wa mai ɗinkin littafi ya ɗinke maka da zare. Wanda bai cika ba, kada ka bar shi a hannun yarinya.

TAMBAYA: An ce mini Heinlein ne gwanin rubuta wa yara irin waɗannan labarai. Zan sa ƙanina da ke waje ya sayo mini duk littafin da ya gani da sunansa. Ya ka gani? Daga wani ma'aikaci, Kaduna.

AMSA: Kada ka kuskura, Malam. Littattafansa na matasa guda goma sha biyu ne, kamfanin Scribner's ya buga su ɗaya a kowace shekara daga 1947 zuwa 1958. Na goma sha ukun da ya kai musu, Starship Troopers, su da kansu suka ƙi shi, wani kamfanin ne ya fitar da shi a 1959, kuma cike yake da yaƙi da dogayen huɗubobin siyasa. Na 1961 kuwa, Stranger in a Strange Land, na manya ne zalla, akwai zancen jima'i da wani ƙirƙirarren addini. Sunan marubuci ba hatimin tsarki ba ne. Ka aika wa ƙaninka da take, ba suna ba. Bayan wanda na ambata wa Hajiya ta Zariya, ka ce ya nemo Citizen of the Galaxy na 1957. Yana farawa ne a kasuwar bayi, inda wani tsoho gurgu mai bara ya sayi yaro Thorby, ya riƙe shi kamar ɗa, ya koya masa harsuna da lissafi da mutunci. Ga ɗan shekara 13 zuwa sama, ban san wanda ya fi shi ba a jerin.

TAMBAYA: Ni malamar kimiyya ce, an ba ni ɗan kuɗi in sayo wa laburaren makaranta littattafai. Damuwata ita ce waɗannan tsofaffin labarai kimiyyarsu ta tsufa. Ba za su rikita mini ɗalibai ba? Daga wata malama, Kano.

AMSA: Malama, tambayarki mai kyau ce, kuma gaskiyarki. Isaac Asimov ya rubuta littattafai shida na wani jarumi Lucky Starr tsakanin 1952 da 1958, da sunan aro na Paul French. A na 1954 ya cika duniyar Venus, wato Zara, da teku mai halittu a ciki. Shekara takwas bayan nan, a 1962, kumbon Mariner 2 ya wuce ta kusa da ita ya auno zafi mai tsanani, kuma yanzu an san zafin doronta ya haura digiri 450, ko darma narkewa take yi. Haka Red Planet na Heinlein na 1949, yara suna gudu a kan daskararrun magudanan ruwa a Mars. A 1965 Mariner 4 ya aiko da hotuna, sai ramuka da fako, babu magudana ko ɗaya.

Amma ki dubi abin da Asimov ya yi. Da aka sake buga littattafan daga baya, ya rubuta gajeren gabatarwa a kowanne yana gaya wa mai karatu inda binciken zamani ya ƙaryata shi. Ni a ganina babu darasin kimiyyar da ya fi wannan, a ga babban masani yana cewa abin da muka zata ke nan jiya, ga abin da aka auna yau. Ki nemi bugun da ke da gabatarwar. Sannan ki mayar da kuskuren aikin aji: su karanta, su fito da abu uku da marubucin ya yi daidai da uku da ya kuskure.

Ki haɗa da Islands in the Sky na Arthur C. Clarke, na 1952, labarin ɗan shekara 16 da ya ci gasar kacici-kacici ya zaɓi a kai shi tashar da ke shawagi a sama. Clarke shi ne ya rubuta tun 1945 cewa ana iya isar da saƙo ko'ina a duniya ta taurarin ɗan'adam, shekara goma sha biyu kafin Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. A 1963 Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2. Kuma tunda a Kano kike, ki gaya wa ɗalibanki cewa lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya sau uku a watan Fabrairun 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawun kumbonsa a Kano take. Za ki ga yadda za su gyara zama.

Gargaɗi ɗaya: kada ki kashe kuɗin duka a kan labarai. Ki ware kashi ɗaya ki sayi littafin ilimin taurari na zamani mai hotuna, a ajiye su kanta ɗaya.

TAMBAYA: Na gina sabon falo da kantar littattafai. Wane jeri ne bangonsa ya fi kyau, mai ruwan zinare, da zai cike mini layi biyu? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Ban da amsar wannan. Littafi ba labule ba ne. In kuɗin sun yi yawa, akwai makarantar gwamnati kusa da gidanka da ɗalibai ɗari ke rabon littafi biyar.

TAMBAYA: Yarana da Faransanci suke karatu. Duk sunayen da nake ji na Ingilishi ne. Mu fa? Daga wani uba, Maraɗi.

AMSA: Ai ku ke da tushen abin, Malam. Jules Verne Bafaranshe ne, kuma yaranka za su karanta shi a harshen da ya rubuta, alhali masu Ingilishi da yawa tsohuwar fassarar 1873 suke samu, wadda aka yanke mata wurare masu yawa. De la Terre à la Lune ya fito a 1865: wata ƙungiyar masu ƙera igwa a Amurka ta haƙa ƙatuwar igwa a cikin ƙasa a jihar Fulorida, ta harba mutum uku zuwa wata. Shekara 104 bayan haka kumbon Apollo 11 ya tashi daga Fulorida ɗauke da mutum uku zuwa wata. Igwar dai ba za ta yi ba, ƙarfin harbin kaɗai zai hallaka na ciki, amma yaro zai yi mamakin hangen mutumin.

Ka kula da abu biyu. Littafin farko yana ƙarewa ne ba a san makomar matafiyan ba, sai a Autour de la Lune na 1870 suka zagaya wata suka faɗo tekun Pasifik. Ka nemi bugun da ya haɗa biyun, in ba haka ba za ka koma kasuwa. Na biyu, farkon littafin akwai babi-babi na lissafin nauyi da albarushi da za su gajiyar da ɗan ƙasa da shekara 12. Ga ƙanana, ka fara da littattafan zane na Tintin guda biyu na Hergé ɗan Beljiyam, Objectif Lune na 1953 da On a marché sur la Lune na 1954, masu roka ja da fari. Sai dai ka sani akwai wani kyaftin a ciki mashayin giya, har ya bugu a cikin kumbo ya jefa kowa cikin haɗari, ka zauna da su ku yi maganar. Kuma kada daɗin waɗannan biyun ya sa ka kwaso jerin duka: wanda aka yi a kan Kwango ya zana baƙar fata da wulaƙanci, ban yarda a ba ɗanmu shi ba.

TAMBAYA: Baba, shekarata 14. Ina son irin waɗannan labarai amma duk wanda na ɗauka namiji ne jarumin, mata sai dafa abinci ko kuka. Yayana yana ce mini ai ba karatun mata ba ne. Daga wata ɗaliba, Jos.

AMSA: 'Yata, yayanki bai yi daidai ba, kuma abin da kika lura da shi gaskiya ne. Yawancin littattafan nan an rubuta su ne a shekarun 1950 don samarin Amurka. Har wata marubuciya, Alice Mary Norton, ma'aikaciyar laburare a birnin Cleveland, sai da ta koma amfani da suna Andre Norton don kada yara maza su guji littafinta, ta kuma zama ɗaya daga cikin manyan fagen.

Ki nemi A Wrinkle in Time na Madeleine L'Engle, na 1962, wanda ya ci lambar Newbery ta littattafan yara a 1963. Jarumar yarinya ce, Meg, gwanar lissafi mai saurin fushi da ba ta jin daɗin makaranta, ta ratsa duniyoyi da ƙaninta neman mahaifinsu da ya ɓata. Mahaifiyarta ma masaniyar kimiyya ce. Marubuciyar Kirista ce kuma akwai ayoyin Baibul a wasu wurare, ki sanar da iyayenki wannan kafin a saya, ko wane addini kuke bi, don su san abin da ke hannunki. A littafin Kip mai rigar sama jannati ma akwai Peewee, 'yar shekara 11 da ta fi shi kaifin kai. Wanda zan ce ki bari tukuna shi ne A Princess of Mars na Edgar Rice Burroughs, mai Tarzan. Sara da suka ne da takobi daga farko har ƙarshe, gimbiyar kuma aikinta a sace ta a ceto ta.

Ki ci gaba da karatunki, Allah ya yi miki albarka. In kin gama ki rubuto ki gaya mini yadda kika ga Meg.

TAMBAYA: Wani a WhatsApp yana sayar da littattafai ɗari na waya, har da na Verne da H. G. Wells, a naira dubu uku. In tura? Daga wani ɗalibin jami'a, Sakkwato.

AMSA: Kada ka tura ko kwabo, ɗana. Verne ya rasu a 1905, Wells a 1946, kuma a dokar Najeriya haƙƙin mallakar littafi yana ƙarewa ne shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Littattafansu, har da The First Men in the Moon na Wells na 1901, suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg, da Ingilishi, na Verne kuma har da Faransanci. Kuɗin data kaɗai za ka kashe. Mutumin nan ruwan rijiyar gari yake sayar maka. Sauran da ya cusa a ciki, irin na Heinlein da ya rasu a 1988 da Asimov da ya rasu a 1992, har yanzu da masu su, sayar da su sata ce. Ga kuma haɗarin buɗe tarin fayil daga wanda ba ka sani ba a wayar da kake shiga asusun bankinka da ita.

In ƙanenka kake nema wa, ka sauke ɗaya daga na kyautar, ka kai a buga maka a takarda a ɗinke. Yaro in ka miƙa masa waya da sunan karatu, kafin ka juya baya ya koma kallon bidiyo.